Laburaren unguwa a watan Yuni: mu shiga da tatsuniyarmu ko mu ƙaurace?

Maman Husna (Ohio):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ita da hujja. Matar da ke kula da sashen yara a laburaren unguwarmu ta roƙe ni in zo in yi wa yara tatsuniya da Hausa a ranar da suka ware wa al'adun mazauna unguwa, wata Asabar cikin watan Yuni. Somaliyawa za su kawo nasu, mutanen Nepal ma haka, akwai kuma wata dattijuwa baƙar fata da za ta ba da labarin yadda kakanninta suka baro jihohin kudu na Amurka suka zo aikin masana'anta. Na amsa da murna, har na fara tanadin faifai da ƙwarya da zanen saƙi. To jiya da na karɓo takardar shirye-shiryen wata, sai na ga a shafi ɗaya da sunana an jera abubuwan watan Pride, wato watan bikin masu neman jinsi: kantar littattafai a bakin ƙofa, da zaman matasa ranar Laraba da yamma, da wani dattijo da zai yi magana kan tarihin masu neman jinsi a garin. Maigidan ya ce shi bai hana ni ba, amma in yi tunanin abin da mutane za su ce. In je, ko in ba su haƙuri?

Malam na Bronx:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya saka miki da kika tambaya kafin ki aikata. Ni abin da nake gani shi ne ki ba su haƙuri cikin ladabi, ki ce su sa ki a wani watan. A aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida an umarce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, an hana mu taimakon juna a kan zunubi. Ke kin san niyyarki, amma wanda ya ɗauki takardar nan bai sani ba. Zai ga sunan Musulma a ƙarƙashin tuta mai launin bakan gizo, ya ɗauka mun yarda. Kuma yaran da iyayensu za su kawo dominki, ta gaban kantar nan za su wuce.

Ɗan Zango:
Allah gafarta Malam, ni ina da ja. Ina tuƙin tasi a garin nan tun kafin a haifi yaron da ke ja mana sallar asham. Ranar da suke zagayen Pride a Manhattan, wa ke ɗaukar su daga Christopher Street ya kai su gida? Mu ne. Ba wanda ya taɓa ce mana kuɗin ya haramta. Laburare kasuwa ce: mai tasbaha na da rumfa, mai giya na da rumfa, kuma ban taɓa jin mai tasbaha ya kwashe kayansa ya bar wa mai giya kasuwar ba.

Malam na Bronx:
Alhaji, kasuwa ciniki ake yi, kowa da gabansa. Nan biki ake yi, kuma ita an gayyace ta cikin masu bikin. Da bambanci.

Anti Rabi (Maryland):
Malam, da izininka zan ɗan yi bayani, domin aikina ke nan, a sashen manya na wani laburaren gunduma nake. Ba biki ɗaya ba ne. Takardar wata tana ɗauke da duk abin da za a yi a ginin: ajin Turanci na sabbin zuwa, taimakon cike takardun haraji, karatun jarirai, wasan dara na tsofaffi, duk a shafi ɗaya. Watan Yuni kuwa a ƙasar nan cunkushe yake. Shi ne watan Pride, shi ne watan tunawa da al'adun baƙin haure, shi ne na mutanen Karebiyan, a cikinsa kuma ranar 19 ake Juneteenth, ranar tunawa da 'yanta bayi, wadda ta zama hutun tarayya a 2021. Wanda ya tsara takardar bai haɗa Maman Husna da kowa ba, kwanan wata ne ya haɗa su.

Dalilin da ya sa Yuni ya zama watan Pride: daren 28 ga Yunin 1969 'yan sanda suka kai samame wata mashayar masu neman jinsi da ake kira Stonewall Inn a New York, mutanen ciki suka ƙi tafiya, aka kwashe kwanaki ana arangama. A lokacin mutum kan rasa aikinsa ko a kulle shi saboda wannan. Shekara ta zagayo suka yi tattaki na farko a 1970, daga nan abin ya ɗore. Ina faɗin wannan ne don mu san abin da muke magana a kai, ba don in sa wani ya canja aƙidarsa ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne ƙa'idar da muke aiki da ita. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta rubuta ta tun 1939, an yi ta yi mata gyara daga baya. Taƙaitawarta: ba a cire littafi saboda asalin marubucinsa ko ra'ayinsa, ba a hana mutum shiga saboda asalinsa ko shekarunsa ko ra'ayinsa, kuma in akwai ɗakin taro, kowa na da damar aronsa ko mene ne imaninsa. Da wannan ƙa'idar nake ajiye tarjamar Alƙur'ani a kan kanta. Da ita muke jera littattafan azumi a bakin ƙofa duk Ramadan. Kuma ku yarda da ni, akwai masu zuwa su yi ƙorafi a kan wannan ma. Na taɓa tsayawa a bayan tebur wani mutum yana nuna kantar Ramadan da yatsa yana cewa da kuɗin harajinsa ake yaɗa Musulunci. Shugabarmu ta miƙa masa fom ɗin ƙorafi, ta ce kwamiti zai duba, amma kanta tana nan. Amsar da ake ba wanda ya zo a kan kantar Yuni ke nan, kalma da kalma.

Baban Khalifa (Michigan):
Anti Rabi ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni a kusa da Hamtramck nake, kuma abin da ya faru a can na gan shi da idona, don haka bari in ba ku shi yadda yake, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Ƙaramin gari ne da Detroit ta kusan kewaye shi, a da na mutanen Poland ne, yanzu Yamalawa da mutanen Bangladesh sun yi yawa. A 2004 aka yi ta-ƙi-ta-ƙi a kan kiran salla da lasifika. Majalisar gari ta yarda, masu adawa suka kai maganar ga ƙuri'ar jama'a, aka ci su. Waɗanda suka tsaya wa Musulmi a lokacin da yawansu ba Musulmi ba ne, hujjarsu kuwa ita ce gari na kowa ne, in ana kaɗa ƙararrawar coci to a bar ladan ya yi kira. Aka yi ta tafiya har majalisa ta zama duk Musulmi, magajin gari ma Musulmi, Amer Ghalib. Sai a watan Yunin 2023 majalisar ta kaɗa ƙuri'a baki ɗaya cewa ba za a ƙara ɗaga tutar wata ƙungiya a kan kadarar gari ba, sai ta ƙasa da ta jiha da ta gari da irinsu. Kowa ya san tutar Pride aka nufa. Aka yi kabbara a zauren.

Ni a daren na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har yanzu kuma ina ganin sandar tuta ta gwamnati ba wurin kowace ƙungiya ba ce. Amma tsohuwar magajiyar gari, Karen Majewski, ta fito ta ce suna jin an ci amanarsu, kuma maƙwabcina da muke gaisawa kullum ya daina ɗaga mini hannu. Abin da na fahimta daga baya shi ne tuta daban, littafi daban. Tuta a sandar gari tana magana da sunan kowa, har da ni. Littafi a kanta yana zaune ne shiru sai wanda ya miƙa hannu. A Dearborn a watan Oktoban 2022 iyaye sun cika zauren hukumar makarantu a kan littattafai har taro ya watse, amma can maganar laburaren makaranta ce, inda yaro yake ba tare da uwarsa ba. Laburaren gari kai ke kai ɗanka, kai ke riƙe da hannunsa.

Bamaraɗe (Greensboro):
To ai shi ke nan, in sun yi mana yawa mu ma mu yi abin da wasu garuruwa suka yi, a hana su kuɗin haraji sai sun kwashe littattafan.

Baban Khalifa (Michigan):
Ɗan uwa, an gwada a jiharmu. Wani ƙauye da ake kira Jamestown, laburarensu sunansa Patmos. A watan Agustan 2022 mutane suka ƙi sabunta harajin da ke riƙe da mafi yawan kasafinsa saboda littattafan masu neman jinsi, a Nuwamba suka sake ƙi. Sai da mutanen waje suka yi karo-karo aka hana ƙofar rufewa, kafin a ƙarshen 2023 a amince da harajin. A tsawon wannan lokaci wa ya kwana da fargaba? Tsohuwar da ba ta da intanet a gida, da yaron da ke zuwa aikin makaranta. Mu da sabbin zuwanmu ke koyon Turanci da shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa a can kyauta, mu ne farkon waɗanda za su ji a jikinsu.

Malam na Bronx:
Ban ce a rufe ba, kuma ban ce a hana kowa karatu ba. Ni kaina a laburare na koyi aika saƙo ta kwamfuta. Abin da na ce shi ne kada 'yarmu ta sa hannunta a wannan watan. Ƙauracewa ma magana ce. In sun tambaye ta dalili ta faɗa musu a hankali, su san cewa akwai mutanen unguwa da ke da wani ra'ayi. Kuma ai na ji Kotun Ƙoli ma ta ba iyaye gaskiya a can wajenku, Hajiya Rabi.

Anti Rabi (Maryland):
Ta ba su, Malam, amma a kan abu ɗaya takamaimai. Shari'ar gundumar Montgomery ce. Hukumar makarantu ta shigar da wasu littattafan labarai masu ɗauke da wannan batu cikin darasin ƙananan yara a 2022, da farko ana sanar da iyaye su cire ɗansu in suna so, sai a 2023 aka soke wannan dama. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka kai ƙara, wanda sunansa ke gaba Musulmi ne, Mahmoud. Ranar 27 ga Yunin 2025 alƙalai 6 cikin 9 suka ce a mayar wa iyaye damarsu, a sanar da su, su fitar da ɗansu daga darasin. Ni na goyi bayan iyayen nan, na san wasunsu a masallaci. Amma ku lura da abin da suka nema: su cire nasu ɗan. Ba su nemi a cire littafin daga hannun ɗan wani ba, kotu ma ba ta ce a cire ba. Makaranta dole ce, laburaren gari ganin dama ne. Damar da suka sha wahala suka samu a kotu, mu a laburare muna da ita tun asali, domin babu mai tilasta maka zaman Laraba.

Zee:
Ina wuni iyayena. Ku yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni, a gida da wurin Goggo na koya. Ina so in faɗi yadda abin yake daga wajenmu yara.

Tun ina firamare na san akwai masu neman jinsi. A ajinmu akwai yarinyar da mata biyu ke zuwa ɗaukar ta. Ba kantar laburare ce ta koya mini ba, kuma da an kwashe kantar ba abin da zai ragu a sanina. Abin da ban taɓa gani ba a laburare ko a makaranta shi ne Hausa. Ko sau ɗaya. Ranar al'adu in an ce Najeriya sai a nuna Yarabawa ko Ibo, in na ce ni Bahaushiya ce sai a ce mene ne wannan. Na kai wani lokaci ina jin kunyar Mama ta yi mini magana da Hausa a cikin shago. Da a ce wata rana na shiga laburare na tarar da mace da mayafi a gaban aji tana cewa “ga ta nan, ga ta nanku”, yaran Turawa suna amsawa, wallahi da ya canja mini abubuwa da yawa. Baba Malam, in Anti ta janye, yaranmu za su ga kantar Pride duk da haka, Gizo da Ƙoƙi ne kawai ba za su gani ba.

Ɗan Zango:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Hausarki ta fi ta 'ya'yana.

Malam na Bronx:
Amin. 'Yata Zee, maganarki ta shige ni, kuma laifin namu ne iyaye da muka bar harshen a kicin. Amma tatsuniya ba ta lalacewa in an jinkirta ta zuwa Yuli.

Maman Husna (Ohio):
Malam, na tambaya da safen nan. Ranar al'adun sau ɗaya ake yi a shekara, kuma kuɗin da aka ware mata na wannan watan ne. Ta ce in ina son wani lokaci daban za ta ba ni ɗaki, amma ba za a samu taron sauran ƙabilun ba, sai waɗanda na gayyato da kaina.

Hajiya Nas:
Tun jiya nake karantawa ban sa baki ba. Ni ba malama ba ce, hukuncin addini na bar wa masu shi, kuma na san abin da aka karantar da ni. Amma muna ta magana kamar mutanen nan wasu ne can daga nesa, alhali akwai namu a ciki.

A asibitin da nake aikin dare an taɓa kawo wani yaro ɗan Afirka ta Yamma, bai kai ashirin ba, ya yi yunƙurin halaka kansa. Da na ga sunansa a takarda na yi masa sallama, sai ya juya fuska bango ya fashe da kuka. Ubansa ya ga saƙonni a wayarsa ya kore shi cikin hunturu. Da ya samu natsuwa na tambaye shi ina yake wuni duk kwanakin nan. Ya ce laburare, daga buɗewa har rufewa, kusa da na'urar ɗumama ɗaki, domin nan ne kaɗai ba a tambayarsa me ya kawo shi kuma ba a ce ya sayi komai ba. Wata ma'aikaciya ce ta lura da jakarsa ta rubuta masa lambar gidan kwanan matasa a 'yar takarda. A aljihun wandonsa muka sami takardar, tare da tasbaha.

Ban kawo wannan don in ce a halatta komai ba. Na kawo ne don in ce ranar da muka rufe masa ƙofa, wannan ginin ne ya bar tasa a buɗe. Ina jin nauyin in tsaya in ce ginin ya yi laifi da ya ajiye kantar da ke gaya wa irinsa cewa ransa na da daraja.

Bamaraɗe (Greensboro):
Innalillahi. Allah ya shirya mana zuri'a. Amma Hajiya wannan duk zaman ƙasar nan ne ya jawo, a gida ba mu san shi ba.

Hajiya Nas:
Haba ɗan uwa. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi bai san 'yan daudu ba? Wa ke soya kaji a tasha, wa ake kira girkin biki? Ba duka ne ke neman maza ba, na sani, amma kada mu ce ba mu taɓa jin labari ba. In babu shi, me ya sa Najeriya ta yi doka a 2014 mai ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi? Ba a yi wa abin da babu shi doka.

Malam na Bronx:
Samuwar abu ba ta halatta shi, Hajiya. Amma korar yaro cikin sanyi ba koyarwar Annabi ba ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma uban nan zai amsa tambaya a kan amanar da aka ba shi. In irin wannan ta sake faruwa a kusa da ku, a neme ni ko da tsakar dare ne. Gara ya kwana a falona da ya kwana a titi. Wannan daban, tambayar Maman Husna daban.

Mai kula da zaure:
Jama'a na goge saƙonni biyu da suka ƙunshi zagi. Wanda zai yi magana ya yi irin ta waɗanda suka gabace shi. Akwai yara a zauren nan.

Yaya Sani (Harlem):
Ni ɓangaren tarihin unguwa nake so in ja hankalinmu a kai, domin mun bar shi a baya, alhali saboda shi aka gayyaci Maman Husna.

Shigar baƙin mutum laburare a ƙasar nan ba kyauta aka ba shi ba. A watan Maris na 1961 ɗalibai tara baƙaƙe daga kwalejin Tougaloo suka shiga babban laburaren Jackson a Mississippi, wanda aka keɓe wa farare, suka zauna suna karatu. 'Yan sanda suka kwashe su. Laifinsu ke nan, karatu. Dattijuwar da za ta yi magana rana ɗaya da Maman Husna, mai yiwuwa iyayenta sun ga zamanin. Mu mun zo mun tarar da ƙofa a buɗe, muna shiga da hula da hijabi ana ce mana sannu da zuwa.

Nan kusa da ni a titi na 135 akwai cibiyar Schomburg. Mutum ɗaya ne ɗan Puerto Rico, Arturo Schomburg, ya yi ta tara littattafai da takardun baƙar fata da kuɗin aljihunsa, har laburaren New York ya sayi tarin a 1926. Yau duk mai binciken tarihin baƙar fata a duniya ya san wurin. Haka Umar ɗan Sa'id, malami daga Futa Toro da aka kamo bawa, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. Rubutun yana laburaren Majalisar Dokokin Amurka, sun sa shi a intanet kowa ya gani. Da ba a adana ba, wa zai yarda cewa a cikin bayin ƙasar nan akwai masu rubuta Suratul Mulk da ka? Abin da aka kai laburare shi ake tunawa. Mu Hausawan Amurka me muka kai? Wa ya ɗauki muryar dattawan Zango da suka fara kafa masallatai a Bronx kafin su ƙare? Mutanen Pride sun fahimci wannan tun tuni, suka tara hotunansu da wasiƙunsu suka miƙa, shi ya sa a 2019 babban laburaren New York ya iya shirya baje kolin cikar Stonewall shekara 50. Ba fin mu gata suka yi ba, kai kayansu suka yi.

Anti Rabi (Maryland):
Yaya Sani ka gama magana. In ƙara da ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Bayan harin 11 ga Satumba, lokacin da ake bin Musulmi da ido ko'ina, a 2005 hukumar FBI ta aika wa wasu ma'aikatan laburare huɗu a Connecticut takardar neman bayanan masu amfani da kwamfutocinsu, tare da umarnin kada su gaya wa kowa. Suka ƙi, suka tafi kotu, daga baya gwamnati ta janye. Sirrin da ya hana ni gaya wa kowa abin da Malam ya ara, shi ne ya hana ni gaya wa kowa abin da yaron Hajiya Nas ya karanta. Ba zan iya riƙe wa ɗaya in saki ɗaya ba.

Maman Amira:
Ni duk na ji, amma tsorona na uwa yana nan. 'Yata shekararta 13, ita kaɗai take tsayawa laburare bayan makaranta kafin in taso daga aiki. Baban Khalifa ka ce ni ke riƙe da hannunta, to a wannan awa biyun ba na nan. Kuma wasu littattafan sashen matasa na buɗa na ga zanen da ko ni na kawar da kai. Wannan ba maganar jinsi ba ce ma, ko mace da namiji ne ba na so ta gani yanzu.

Anti Rabi (Maryland):
Tsoronki a kan hanya yake ƙanwata, kuma ba zan ce miki kowane littafi da ke sashen matasa ya dace da 'yar 13 ba. Sashen ya haɗa daga mai 12 har mai 18, tazarar kuwa babba ce. Ga abin da ke hannunki. Ki je ki tambayi dokar katin yara a wurinku, domin ta bambanta daga gari zuwa gari, wasu wuraren uwa na iya zaɓar katin da bai wuce sashen yara ba. Ki gabatar da kanki ga mai kula da matasa, ki ce mata ga irin abin da 'yarki ke so, ta haɗa mata jerin littattafai, wannan aikinsu ne kuma suna jin daɗinsa. In kin ga littafin da kike ganin an ajiye shi a sashen da bai dace ba, ki cike fom, ki faɗi shafi, kwamiti zai karanta ya ba ki amsa a rubuce, wani lokaci a mayar da shi sashen manya. Zaman kwamitin amintattu kuma a buɗe yake ga kowa, ana ba mutum 'yan mintuna ya yi magana. A duk zaman da na halarta ban taɓa ganin Bahaushe ko ɗaya ba. Amma gaskiyar da ta fi duka ita ce wayar da ke jakarta ta fi kantar nan haɗari nesa ba kusa ba, kuma maganin duka biyun hira ce tsakaninki da ita.

Yaya Sani (Harlem):
A tuna kuma a 2007 an tara littattafan soyayya na Hausa an ƙona a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Matan da ke rubuta su ba su daina ba, masu karantawa ma ba su daina ba, daga baya ma abin ya koma waya inda babu mai tacewa.

Malam na Bronx:
Na saurari kowa. Ra'ayina a kan aikin kansa bai motsa ba kuma ba zai motsa ba, haka nan da ni aka gayyata da na nemi wani watan. Amma tunda ta tabbata zaman nata daban ne, rana daban, kuma ba a nemi ta yaba wa komai ba, ba zan ce ta yi haramun in ta je ba. Sharaɗina biyu. Ta gaya wa iyayen da za ta gayyata abin da ke bakin ƙofa, kowa ya zo da saninsa. In kuma aka miƙo mata wata alama ta maƙala a mayafi ko aka ce a yi hoto a ƙarƙashin tuta, ta ce a'a da murmushi.

Yaya Sani, maganar ɗaukar muryar dattawa ta tsaya mini a rai. Muna da mutum uku a masallacinmu da suka haura tamanin, ɗaya ma ba ya fitowa yanzu. Wa ya san yadda ake yi?

Zee:
Baba Malam ni na iya, waya ta isa in an samu ɗaki marar hayaniya. Amma tambayoyin ku za ku rubuta, don ban san abin da ya kamata a tambaye su ba, kuma in sun yi zurfi a Hausar Zango sai an fassara mini.

Maman Amira:
Anti Rabi, fom ɗin nan a tebur ake karɓa ko a intanet? Kuma in na cike, za su gaya wa 'yata ni ce na kai ƙorafi?

Anti Rabi (Maryland):
Yawanci a tebur, wasu wuraren suna da shi a shafinsu. Ba za su je su gaya mata ba, amma sunanki zai kasance a takardar, kuma a wasu jihohin takardun hukuma irin wannan duk wanda ya nema ana iya ba shi. Shawarata ki fara gaya mata da bakinki, ku buɗe littafin tare ki nuna mata shafin da ya dame ki, kafin ki kai wa kowa.